Buƙatar Mayar Da Ruwan Bagaja Fim: Tsakanin Burin Masoya Da Amanar Harshe

A hutun da ya gabata na kai ziyara Yammedi, cikin ƙasar Ƙaraye, domin gaisuwar 'yan uwa da abokan arziki. Bayan sallar isha'i na zauna a wata majalisa kusa da teburin mai shayi, inda malaman firamare da wasu ɗalibai da suka dawo hutu da manoma biyu ko uku suka saba haɗuwa. Hira ta faro daga tsadar taki da farashin masara, ta gangaro kan fina-finan da ake turawa a wayoyi. Nan ne wani matashi malamin makaranta ya ce shi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu shirya fina-finan Hausa suka ƙi ɗaukar littafin Ruwan Bagaja na marigayi Alhaji Abubakar Imam su yi masa fim na gani na faɗa, alhali kullum suna kukan rashin labari. Kafin ka ce kwabo majalisa ta rabu gida biyu. Wani dattijo da ya karanta littafin tun yana firamare ya dube ni ya ce, "Malam, in dai za su taɓa mana littafin nan, to su bar shi yadda yake, ko wasali kada su sauya." Wani ɗalibi kuwa ya amsa masa da cewa, "Baba, ai mu aljanun nan da duwatsun muke so mu gani da idonmu, kamar yadda Indiyawa suke yi." Aka yi ta ja-in-ja har mai shayi ya kashe wuta, ba a cimma matsaya ba.

Wannan gardama ta 'yan majalisa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta wuce hirar dare. Irin wannan buƙata ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan, kuma da dalilanta. A shekarar 2024 kwamitin da ke zaɓar wa Nijeriya fim ɗin da zai wakilce ta a gasar Oscar ya zaɓi Mai Martaba, fim ɗin sarauta da yaƙi da aka yi da Hausa a Daura. Duk da cewa bai kai zagayen ƙarshe ba, ya nuna wa jama'a cewa za a iya haɗa dawaki da fada da ɗaruruwan mutane a gaban kyamara cikin harshenmu. A watan Janairun wannan shekarar ta 2024 ne kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, abin da ya sa mutane da dama suka fara tsammanin cewa manyan ayyukan adabin Hausa za su sami mai ji a sama. Bugu da ƙari, fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Daɗin Kowa sun saba wa mai kallo da bin labari mako bayan mako. Saboda haka ko ba daɗe ko ba jima wani zai yi ƙundunbala ya ɗauki ɗaya daga cikin littattafan farko, kuma Ruwan Bagaja ne sunan da ya fi yawo a bakin mutane. Abin tambaya shi ne, me masoya littafin suke jira daga irin wannan fim, kuma me ya kamata su jira?

Ya kamata mu fara tuna asalin littafin. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da suka zama harsashin ƙagaggen labarin Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Mutanen yammacin Kano na da rabonsu a wannan tarihi, tunda Gwarzo maƙwabciyar Ƙaraye ce. An haifi Imam a Kagara a 1911, ke nan yana ɗan shekara 22 ya rubuta littafin, lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Labarin kuwa sananne ne: Alhaji Imam yana ba Koje Sarkin Labari tarihin yadda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, domin ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, da yadda ya yi ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa na shirya wa ɗan uwansa gadar zare, har ya dangana da ƙasar aljanu.

Buri na farko, wato na dattijon Yammedi, shi ne kada a sauya komai. Wannan buri ne mai daraja, domin ƙauna ce ta haife shi, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba. Lokacin da Peter Jackson ya mayar da littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien fina-finai uku tsakanin 2001 da 2003, masoya littafin sun yi ta ƙorafi kan abubuwan da aka zubar, musamman wani tauraro mai suna Tom Bombadil da aka cire ɗungurungum. Fim na uku ya lashe kyautar Oscar 11, amma duk da haka ɗan marubucin, Christopher Tolkien, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an fafe cikin littafin mahaifinsa an mayar da shi fim ɗin faɗace-faɗace na samari. Ke nan ko da kuɗi da ƙwarewa sun kai inda suka kai, mai karatu na ainihi da wuya ya gamsu, saboda tun kafin ya shiga gidan kallo ya riga ya yi nasa fim ɗin a cikin kansa, ya ba kowane tauraro fuska da murya. Mutum goma da suka karanta Ruwan Bagaja, Malam Zurƙe goma ne a zukatansu, darakta kuwa ɗan wasa ɗaya tak zai iya ɗauka.

Amma akwai wani abu da masu cewa kada a taɓa ko wasali suke mantawa, shi ne cewa Imam da kansa gwanin sauya labarin wasu ne. Sunan littafin ma daga tatsuniyar Ruwan Bagaja ya fito, wadda iyaye mata ke yi wa yara tun kafin zuwan boko. Manazarta sun daɗe da nuna tasirin Muƙamatul Hariri da Alfu Laila a cikinsa, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya san Abu Zaidi na Muƙama, mai yawo gari-gari yana cin abinci da fasahar bakinsa, zai gane danginsa a jikin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Haka abin yake a Magana Jari Ce da ya biyo baya a 1937, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya tuɓe musu rigunansu ya sa musu babbar riga da rawani, har yaron Katsina ko na Rogo ya karanta ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Mutumin da ya yi wannan aiki, da wuya a ce an ci amanarsa don an sauya tsarin labarinsa saboda ya dace da wata sabuwar hanyar isar da saƙo. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Littafi na aiki da kunne da tunani, fim kuwa da ido yake farawa, saboda haka dole a taƙaita wani wuri, a faɗaɗa wani, a haɗe wasu garuruwan. Wanda ya nemi a ɗauki littafi shafi-shafi a zuba a kyamara, karatun littafi da hoto zai samu, kuma shi ne zai fara yin hamma.

Buri na biyu shi ne na ɗalibin nan, wato a ga aljanu da duwatsu da tekuna. Shi ma yana da hujja. Matashin da ya kalli Baahubali da fassarar Hausa a wayarsa ba zai yarda a yayyafa wa ɗan wasa hoda a fuska a ɗaura masa farin ƙyalle a ce ga aljani ba. Idonsa ya buɗe, kuma gani ya kori ji. Sai dai ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da ƙarfin aljihunmu. Siddabarun kwamfuta irin wanda ake gani a waɗancan fina-finai aikin ɗaruruwan ƙwararru ne na shekaru, da kuɗin da masana'antarmu ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta girma ne a kan ƙaramin jari da saurin fitar da kaya kasuwa, satar fasaha ta karya kasuwar faifai, yanzu kuma mafi yawan masu shiryawa sun dogara da tashoshin talabijin da YouTube. Ko alƙaryar fina-finai ta naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Ƙofa cikin ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, an janye ta bayan adawar da ta taso. Wanda ya ce zai yi gasar siddabaru da Indiya ko Amurka da irin wannan jari, zai ƙare da abin dariya a wurin da marubuci bai nufi a yi dariya ba.

Abin farin ciki shi ne littafin bai dogara da aljanu ba kamar yadda ake zato. Duk wanda ya koma ya sake karanta shi da idon basira zai ga cewa ƙasar aljanu can wajen ƙarshe take, mafi yawan tafiyar kuwa a kasuwanni da zaurukan alƙalai da fadojin sarakuna da masaukan baƙi aka yi ta. Waɗannan kuwa muna da su. Akwai tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, akwai dutsen Kufena da na Kwatarkwashi, akwai tuddan rairayi na ƙasar Yusufari a Yobe, akwai dajin Falgore. Nan kusa da Yammedi ma ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, wadda mai kyamarar da ya san aikinsa zai iya mayar da ita teku da hantsi ko da almuru. Fim ɗin da ya yi amfani da waɗannan wurare da hikima, ya ɓoye aljani a cikin duhu da sauti da inuwa maimakon ya fito da shi tsirara a fili, zai fi tsoratarwa kuma zai fi araha.

To, in ba bin littafi sau da ƙafa ba, in kuma ba siddabaru ba, mene ne ya kamata masoya su tsaya kai da fata a kansa? A nawa ganin, harshe ne. Abin da ya sa Ruwan Bagaja ya rayu shekara 90 da ɗoriya ana karanta shi, alhali an manta da ɗaruruwan littattafan da suka zo bayansa, shi ne bakin mai ba da labarin. Alhaji Imam da kansa yake ba da labarinsa, yana yabon kansa, yana tona asirin kansa, yana yi wa abokin hamayyarsa shaguɓe, kuma mai karatu na jin daɗin zama da shi ko da ya san ƙarya yake shararawa. Kirari da karin magana da ba'a da zaurancen malamai da Larabcin da aka karkatar don a ba da dariya, su ne naman littafin, tafiye-tafiyen kuwa ƙashi ne da aka rataya naman a kai. Idan aka cire muryar nan aka bar abubuwan da suka faru kawai, abin da zai rage shi ne labarin wani mayaudari da ke yawo yana cutar mutane, wanda ba wanda zai so shi.

Bari in kawo misali ɗaya. Akwai inda Alhaji ya sauka wani gari ya fake da malanta alhali ba shi da karatun, Malam Zurƙe ya zo ya nemi tona masa asiri a gaban jama'a. Da aka zo gwada ilimi sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe, da yake ya yi karatu, ya dinga kiran sunayen haruffa, shi kuwa Alhaji ya ce jinjirin wata ne, mutanen gari da ba su san baƙi ba suka duba suka ga lallai wata ne, suka goyi bayan jahili suka kori mai ilimi. Wannan wuri ba ya buƙatar kwamfuta ko doki. Abin da yake buƙata shi ne 'yan wasa biyu da suka san yadda almajirin allo ke kiran harafi, suka san inda ake jan murya da inda ake yin shiru, da taron ƙauyawa da za su amsa a lokacin da ya dace. In an yi shi daidai, zai fi kowane aljani zama a zuciyar mai kallo, domin darasin da ke cikinsa, na yadda mai baki ke rinjayar mai sani a gaban taron da ba ya iya tantancewa, har gobe muna ganinsa a fagen siyasa da wajenta.

A nan ne fargabata take, a matsayina na wanda ya yi shekaru yana koyar da ilimin harshe. Hausar da ta mamaye fina-finanmu a yau Hausar birni ce ta 'yan boko, wadda ake tsarma Ingilishi a kusan kowace jimla. Wannan ba laifi ba ne a fim ɗin da ke nuna rayuwar Nasarawa ko Zoo Road, domin haka mutanen ke magana. Amma sau da yawa mukan ga an shirya fim ɗin zamanin da, an kashe kuɗi a kan alkyabba da sirdi, sai sarki ya buɗe baki ka ji ginin jimlar Turanci da kalmomin Hausa, ko ka ji bafade na gaida sarki da gaisuwar da ba a taɓa yin ta a kowace fada ba. Wani lokaci ma ba a rubuta maganganun ba sam, ana gaya wa ɗan wasa abin da ake so ne ya faɗa da bakinsa. Irin wannan dabara na iya wucewa a fim ɗin soyayya, amma a aikin Imam kisan kai ce. Mun kuma ga abin da ya faru da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021, inda aka ba da tarihin sarauniyar Zazzau da Turanci, kuma mutanen Arewa da dama suka ji kamar labarin wasu ake ba su. Tufafi da dawaki ba su hana su jin baƙunta ba, saboda harshen ya tafi.

Waɗanda suka shirya The Lord of the Rings sun fahimci wannan. Tolkien masanin harshe ne, ya ƙirƙiri harsuna sukutum domin labarinsa, saboda haka masu fim suka ɗauko masanin harshe David Salo ya rubuta musu maganganu a cikin waɗannan harsuna, suka kuma ajiye masu horar da 'yan wasa kan lafazi. In har za a yi wannan ɗawainiya saboda harshen da ba wanda aka haifa da shi, me zai hana a yi wa Hausa, wadda miliyoyin masu kallo za su gane kuskure cikinta tun kafin ɗan wasa ya rufe baki? Muna da sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, muna da tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin da suka gaji irin wasan su marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya fito a Magana Jari Ce na NTA Kaduna. Sama da duka, muna da dattawa a garuruwa irin su Yammedi da Rogo waɗanda har yanzu Hausar bakinsu ta fi kusa da ta littafin fiye da ta kowane ɗan birni. Har ila yau, tunda Alhaji gari-gari yake bi, dama ce a ji karin harshen Sakkwato da na Katsina da na Zazzau da na Damagaram a bakin mutanen da yake tararwa, maimakon kowa ya yi Kananci tun daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma wata matsala da 'yan majalisar ba su taɓo ba, ita ce ta halin tauraron. Alhaji Imam na cikin littafi ba waliyyi ba ne. Yana ƙarya, yana damfara, yana shigar malamai, Malam Zurƙe kuwa bai fi shi tsarki ba. Mai shirya fim a Kano dole ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda rashin kai mata su ta duba kafin a sake su. Bayan hukuma kuma akwai ra'ayin jama'a, wanda sau da yawa ya fi hukumar tsanani. Jarrabawar da za ta fuskanci marubucin fim ɗin ita ce sha'awar wanke Alhaji tas, a mayar da shi salihin saurayi mai neman magani, a ƙara masa budurwa da waƙa, a mayar da Zurƙe mugu zalla. In aka yi haka an kashe littafin ko da an kiyaye sunan kowane gari. Ya kamata hukuma da malamai da masu kallo su tuna cewa shekara da shekaru ana koyar da wannan littafi a makarantun Arewa, kuma ba'ar da ke cikinsa a kan malaman ƙarya take da masu bin su ido rufe, abin da malaman ƙwarai suka fi kowa yaƙa. Nuna mayaudari a fim ba koyar da yaudara ba ne, matuƙar mai kallo na ganin inda take kai mai ita.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, in fim bai yi kyau ba ai littafin na nan. Wannan magana ta yi daidai a ƙasar da ake karatu. A wurinmu kuwa, duk malamin da ke shiga aji ya san yadda karatun littattafan Hausa ya ja baya. A majalisar nan ta Yammedi, cikin ɗaliban da ke gardama da zafi, biyu ne kawai suka karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe, sauran labarinsa suka ji ko kuwa taƙaitawar da aka yi don cin jarrabawa suka haddace. Ga mafi yawan yaran da ke tasowa, fim ɗin da za a yi shi ne zai zama Ruwan Bagaja, fuskar ɗan wasan ita ce fuskar Zurƙe, Hausar da suka ji a ciki ita ce za su ɗauka Hausar Imam. Nauyin da ke kan mai shiryawa ke nan, kuma shi ya sa batun ya shafi iyaye da malamai da hukumomin ilimi, ba 'yan fim kaɗai ba. Fim mai kyau na iya mayar da yaro ga littafi, kamar yadda cinikin littattafan Tolkien ya ƙaru bayan fitowar fina-finan, maras kyau kuwa na iya rufe ƙofar har abada.

Tarihi ma ya bar mana hannunka mai sanda. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim da Hausa, bisa wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin. Wannan fim ya ɓace shekaru da dama, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiya, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shi kansa Ruwan Bagaja an taɓa yi masa fim ƙarƙashin jagorancin Ramalan Nuhu, amma da na tambaya a majalisar ba ko mutum ɗaya da ya taɓa ganinsa. Al'ummar da ke kukan a yi mata sabon fim alhali ta bar na da ya ruɓe a cikin gwangwani, ya kamata ta fara da neman abin da ta riga ta mallaka. Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ma'ajiyarta da ke Jos za su yi babban aiki in suka fito da waɗannan tsofaffin ayyuka aka nuna su a jami'o'i da tashoshin talabijin, domin sabon darakta ya ga inda na gabansa suka dace da inda suka yi tuntuɓe.

Saboda haka ga 'yan shawarwari ga duk wanda ke da niyyar wannan aiki. Da farko ya nemi izini. Imam ya rasu a 1981, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba aikin adabi kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ke nan littafin ba kayan tsintuwa ba ne har zuwa ƙarshen 2051, dole a zauna da magadansa da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya. Na biyu, ya yi tunanin yin sa mai dogon zango maimakon fim ɗaya na awa biyu, tunda tsarin littafin na gari bayan gari ya dace da kashi bayan kashi, kuma hakan zai ba shi damar ajiye ɓangaren aljanu zuwa lokacin da aikin ya tara masu kallo da jari. Na uku, ya bar Alhaji yana ba Koje labari a matsayin ƙofar shiga da fita ta kowane kashi, domin ta nan ne muryar littafin za ta tsira. Na huɗu, a rubuta kowace magana a takarda, masana harshe da dattawa su duba, 'yan wasa su haddace su yi atisaye kafin a kunna kyamara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatocin jihohin Kano da Katsina da Kaduna da Neja, waɗanda kowacce ke da alaƙa da rayuwar Imam ko adabinsa, da attajiranmu da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da hawan sallah, suna iya sa hannu a irin wannan aiki ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Su kuma masoya littafin, irin dattijon nan da ɗalibin nan na Yammedi, ina ganin kowannensu zai rage wani abu daga burinsa. Dattijo ya yarda cewa za a zubar da wasu garuruwa a haɗe wasu, ɗalibi kuma ya yarda cewa aljanin da za mu iya biya ba zai kai na Indiya ƙyalli ba. Abin da bai kamata ɗayansu ya sassauta a kai ba shi ne, idan Alhaji da Malam Zurƙe suka buɗe baki, a ji Hausar da za ta sa dattijo ya gyaɗa kai, ɗalibi kuma ya tashi washegari ya nemi littafin ya ga ko haka aka rubuta. Kafin in bar garin na ba malamin nan na firamare tsohon kwafin da nake yawo da shi a jaka, bisa sharaɗin zai riƙa karanta wa ɗalibansa babi ɗaya duk ranar Alhamis da babbar murya. Ya yi mini alkawari, ni kuma na yi alkawarin komawa in ji yadda yaran suka karɓe shi. Allah Ya sa mu dace.